Rabon Tsufa da Rabon Zama a Raunin Tsoka

Idan mai shekara saba'in da 'yan kai zai tashi daga kujera mai ƙasa-ƙasa, sau da yawa za a ga ya fara matsowa bakinta, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, ya yi gaba ya yi baya don ya samu yunƙuri, sannan ya miƙe. Shekara ashirin da suka wuce ba ya ma sanin ya tashi. Yawancin mutane suna jingina wannan canji ga tsufa kaɗai, kuma da yake tsufa ba shi da magani, sai a rufe zancen daga nan. Amma binciken da aka yi cikin shekara arba'in da suka gabata ya nuna cewa abu biyu ne suka cakuɗe a cikin wannan rauni. Akwai abin da shekaru ke ɗauka ko mutum ya so ko ya ƙi, akwai kuma abin da rashin amfani da tsoka ke ɗauka, wanda yake shigowa tare da tsufa har a kasa rarrabe su. Rarrabe su yana da amfani, domin na biyun ana iya hana shi, ana ma iya dawo da wani ɓangare nasa bayan ya tafi.

Tsokar da ke motsa gaɓoɓi tana kai kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyin jikin baligi, kuma tana kaiwa ƙololuwar girma da ƙarfinta tsakanin shekara ashirin da talatin da 'yan kai. Daga nan take fara raguwa, da farko a hankali ƙwarai, gwargwadon kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, sannan da sauri bayan an wuce sittin. Wani likita Ba'amurke mai suna Irwin Rosenberg ne ya raɗa wa wannan zaizayewa suna a 1989, wato sakofiniya, kuma a yau likitoci suna ɗaukarta a matsayin cuta da ake aunawa a kuma nemi maganinta. Abin da ya sa mutane ba sa lura da ita da wuri shi ne ma'aunin nauyi ba ya tona asirinta. Mutum zai iya kasancewa da kilo saba'in yana da shekara talatin, ya kuma kasance da kilo saba'in yana da sittin da biyar, alhali tsoka ta ragu, kitse ya cike gurbinta. A hoton cinya da ake ɗauka da na'urar asibiti ana ganin wannan ƙarara: cinyar matashi cike take da tsoka har kusa da fata, ta tsohon da ba ya motsa jiki kuwa tsokar ta tsuke ta koma kusa da ƙashi, kitse ya zagaye ta, har ya ratsa cikinta fari-fari.

Kowace tsoka tarin siraran zaruruwa ce dubbai, kuma a 1988 wani mai bincike ɗan ƙasar Suwidin, Jan Lexell, da abokan aikinsa suka ƙirga zaruruwan wata babbar tsokar cinya a gawawwakin maza 43 da suka rasu tsakanin shekara 15 da 83, waɗanda suke da lafiya kafin rasuwarsu. Sun tarar cewa tsakanin shekara 20 da 80 kaurin tsokar ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma babban dalilin shi ne yawan zaruruwan kansu ya ragu da kusan wannan gwargwado. Wato ba sirancewa kawai suke yi ba, wasu ɓacewa suke yi ɗungurungum. Waɗanda suka rage ma ba daidai suke tsufa ba. Zaruruwa iri biyu ne a taƙaice: masu aiki a hankali da ke da juriya, waɗanda ake tsayuwa da tafiya da su, da masu sauri da ke ba da ƙarfi nan take, waɗanda ake tsalle da ɗaga kaya da su. Masu saurin ne suka fi sirancewa da tsufa.

Asalin ɓacewar zaruruwan yana komawa ga jijiyoyi. Kowane rukunin zaruruwa yana karɓar umarni daga ƙwayar jijiya guda da ke cikin laka, kuma daga wajen shekara sittin waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma maye gurbinsu. Zaruruwan da jijiyarsu ta mutu suna zama marayu. Wasu sukan yi sa'a wata jijiya da ke maƙwabtaka ta miƙo reshe ta ɗauke su, sai dai galibi jijiyar da ke ɗaukar marayun ta masu aiki a hankali ce, don haka zaren da a da mai sauri ne sai ya rikiɗe ya bi halin sabuwar jijiyarsa. Waɗanda ba su samu mai ɗauka ba sukan shanye su ɓace. Sakamakon haka tsokar tsoho tana da ƙarancin rukunai, kowane rukuni ya yi girma fiye da kima, ga shi kuma nawa ta yi mata yawa. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi kama da aikin shekaru tsantsa, domin ana ganinsa har a jikin tsofaffin 'yan wasa, ko da yake akwai alamun cewa jikin masu motsa jiki ya fi iya ceto marayun zaruruwan.

Daga nan ake fahimtar wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, wato ƙarfi yana tafiya da sauri fiye da girman tsoka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, wanda ya bi mutum 1,880 masu shekara 70 zuwa 79 na tsawon shekara uku, ya nuna cewa tsokar ƙafa tana raguwa da kusan kashi 1 cikin ɗari a shekara, amma ƙarfin ƙafar yana raguwa da kusan ninki uku na hakan. Har waɗanda tsokarsu ta ɗan ƙaru a cikin shekarun ba su tsira daga raguwar ƙarfi ba. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ma saurin tafiya, wato iya fitar da ƙarfin cikin ƙiftawar ido. Wanda ya yi tuntuɓe yana da abin da bai kai daƙiƙa guda ba don ya jefa ƙafa gaba ya tare jikinsa, kuma idan ƙarfin yana nan amma ya makara wajen fitowa, faɗuwa ba makawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura sittin su ne suka fi yawa a ciki. Saboda irin waɗannan hujjoji ne kwamitin ƙwararru na Turai, da ya sabunta ma'anar cutar sakofiniya a 2018, ya sa raunin ƙarfi a gaba ya mayar da girman tsoka a matsayi na biyu. Ma'aunansu masu sauƙi ne: ƙarfin damƙar hannu da bai kai kilo 27 ba ga namiji ko kilo 16 ga mace, ko kuma ɗaukar fiye da daƙiƙa 15 wajen tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafawa ba.

Damƙar hannu tana iya zama kamar ƙaramin abu, amma wani babban bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya shafi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya gano cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya tare da ƙaruwar haɗarin mutuwa da kashi 16 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bi su. Ba a nufin matse ƙwallon roba a hannu zai tsawaita rai. Hannun yana ba da labarin halin da sauran jiki ke ciki ne kawai, domin tsoka tana da ayyuka da suka wuce motsi: ita ce ke kwashe kaso mai yawa na sukarin jini bayan an ci abinci, ita ce ke jan ƙashi har ya ci gaba da ƙarfi, kuma ita ce rumbun furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, da jiki ke ɗiba idan ciwo mai tsanani ya kama shi.

Ban da jijiyoyi, akwai wasu sauye-sauyen tsufa da ke taimakawa. Sinadarin maza da ke gina tsoka yana raguwa sannu a hankali daga tsakiyar rayuwa, mata kuma suna rasa nasu sinadarin da sauri bayan ɗaukewar al'ada. Ƙwayoyin da ke gyara zaren da ya samu rauni suna raguwa, kuma wani ɗan kumburi na ɓoye da ke daɗewa a jiki yana ƙaruwa, musamman ga mai ƙiba ko ciwon suga. Wanda ya fi muhimmanci a cikinsu shi ne abin da za a iya kira taurin kan tsoka. Tsoka kullum cikin rushewa da ginuwa take, kuma abu biyu ne ke ba ta umarnin gini: furotin da aka ci da aikin da aka sa ta. A jikin matashi ɗan furotin kaɗan ya isa ya tayar da ginin. A jikin tsoho wannan gwargwado ba ya isa, sai an ƙara kafin tsokar ta amsa. Da yake bambancin da ke tsakanin abin da aka rushe da abin da aka gina a rana guda ƙanƙane ne, ba a jin sa, amma idan ya taru shekara ashirin sai a gan shi a cinya.

A nan ne rabon zama yake shigowa, domin an gano cewa rashin motsi shi kansa yana haifar da wannan taurin kai, ko a jikin matashi. Duk wanda ya ga ƙafar da aka kwance daga ɗaurin karaya bayan mako shida ya san yadda take fitowa: ta rame, fatar ta saki, idan aka jera ta da 'yar'uwarta kamar ba na mutum ɗaya ba. Tsufa bai taɓa wannan ƙafa ba, rashin aiki ne kaɗai. A 2007 masu bincike a jihar Arkansas ta Amurka suka kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya, waɗanda matsakaicin shekarunsu 67 ne, a gado na kwana 10, suna ba su isasshen abinci. Cikin waɗannan kwanaki sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu, ƙarfin miƙe gwiwa ya ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Matasan da aka kwantar na kwana 28 a wani bincike makamancinsa ba su rasa ko rabin wannan tsoka ba. Ba sai an kai ga kwanciya ba ma: a Kanada an sa tsofaffi su rage takunsu zuwa kusan 1,400 a rana na mako biyu, kamar yadda mai mura ko ciwon gwiwa zai yi, aka kuma ga tsokar ƙafarsu ta ragu, jikinsu ya rage jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini.

Wannan ya sa nake ganin alƙaluman nan na kashi 1 cikin ɗari a shekara suna iya ruɗar da mai karatu. Matsakaici ne na mutane da yawa, kuma suna sa a ɗauka tsoka tana zirarewa daidai-wa-daida kowace rana. A rayuwar mutum guda abin ya fi kama da saukowa daga matakala: ya daɗe a mataki ɗaya, sai zazzaɓi ko tiyata ko karaya su kwantar da shi mako biyu, ya faɗo mataki na ƙasa. Matashi yakan koma inda yake da zarar ya ci gaba da harkokinsa. Tsoho kuwa sau da yawa ba ya komawa gaba ɗaya, domin ya tashi daga jinya da rauni, raunin ya sa tafiya ta yi masa wuya, wuyar ta sa ya ƙara zama, iyalinsa kuma saboda tausayi suka ɗauke masa duk wani aiki da zai sa ya yunƙura. Tausayin na gaskiya ne, amma a wajen tsoka asara ce, kuma ciwo na gaba zai same shi a ƙasa da inda na farko ya same shi.

An daɗe ana ɗauka cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka sa tsoho ya ɗaga nauyi ɓata lokaci ne, ko ma ganganci. Wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta suka gwada wannan zato a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston, suka wallafa sakamakon a 1990. Sun ɗauki mutum 10 masu rauni, 'yan shekara 86 zuwa 96, suka sa su atisayen miƙe gwiwa da nauyi sau uku a mako na tsawon mako takwas, kuma nauyin ba na wasa ba ne, ya kai kashi 80 cikin ɗari na iyakar abin da kowannensu zai iya ɗagawa sau ɗaya. A cikin tara da suka kammala, ƙarfi ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici, kaurin tsokar cinya kuma da kusan kashi 9. Mutum goma ba su da yawa, kuma wanda ya fara daga ƙasa sosai ninkawa ba ta yi masa wuya, amma a 1994 suka maimaita da mutum 100 da matsakaicin shekarunsu 87 ne, ƙarfi ya sake ninkawa cikin mako goma, saurin tafiya da hawan bene suka inganta. A wannan binciken na biyu an ba wasu ƙarin abinci mai gina jiki ba tare da atisaye ba, kuma hakan bai ƙara musu ƙarfi ba.

Tazarar da ke tsakanin 174 da 9 tana da ma'ana. Mafi yawan ƙarfin da ake samu a makonnin farko daga jijiyoyi yake fitowa: ƙwaƙwalwa tana koyon kiran rukunai da yawa a lokaci guda, tana aika umarni da sauri, tana kuma hana tsokar da ke ɗaya gefen gaɓar yin ja-in-ja da mai aikin. Ke nan akwai ƙarfin da ke kwance a jikin tsoho ba a amfani da shi, kuma atisaye yana fara tayar da shi kafin ya gina sabon nama. Girman tsoka yana biyowa baya a hankali, kuma a jikin tsoho bai cika kai na matashi ba.

Sai dai kada a zarce da zancen. Motsa jiki ba ya soke tsufa. Bajintar da 'yan wasa tsofaffi ke kafawa a gasar ɗaga nauyi da tsere tana raguwa daga rukunin shekaru zuwa na gaba, duk da cewa ba su taɓa daina atisaye ba. Wani bincike na 2002 a kan tsofaffin masu ɗaga nauyi ya nuna cewa ƙarfinsu yana raguwa da kusan gwargwadon da na sauran mutane ke raguwa, amma da yake daga sama suka fara, ɗan shekara 85 a cikinsu yana daidai da ɗan shekara 65 da ba ya atisaye. Wannan tazarar shekara ashirin ita ce ainihin ribar. Akwai mafi ƙarancin ƙarfin da mutum ke buƙata don ya tashi daga zaune, ya hau mataki, ya shiga banɗaki ba tare da an riƙe shi ba, kuma duk abin da ya wuce wannan iyaka ajiya ce. Mai ajiya da yawa zai iya rasa kashi 30 cikin ɗari bai ji a harkokinsa ba, mai kaɗan kuwa jinyar mako guda ta isa ta tsallakar da shi iyakar. Ya kamata a kuma tuna cewa binciken da ke kwatanta tsofaffin 'yan wasa da sauran mutane yana da giɓi, domin wataƙila tun asali masu jiki mai ƙwari ne suka iya ci gaba da wasa har tsufa. Shi ya sa gwajin da aka yi a kan masu rauni ya fi ƙarfin hujja.

Ba kowane motsi ne yake yin aiki iri ɗaya ba, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure. Tafiya a ƙafa tana da amfani ga zuciya da sukarin jini da hawan jini, kuma tana hana irin asarar da zama ke jawowa, amma zaruruwa masu aiki a hankali take amfani da su. Jiki ba ya kiran masu saurin sai aikin ya yi nauyi, ko ya buƙaci sauri, ko an maimaita shi har tsoka ta kusa gajiya. Tunda masu saurin ne tsufa ya fi ci, mai yawan tafiya zai iya samun lafiyayyar zuciya alhali ƙarfin cinyarsa yana raguwa. Saboda haka shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta raba abin gida biyu: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da kuma atisayen ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako. Ga wanda ya kai 65 an ƙara atisayen da ya haɗa ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye a mako don rage faɗuwa. Ba dole sai da na'ura ba. Tsugunnawa da miƙewa, hawa mataki, tura bango, jan igiyar roba da ɗaukar kaya duk suna cikin lissafi, muddin aikin yana wahalar da tsoka a ƙarshen maimaicin, kuma ana ƙara nauyinsa ko yawansa idan ya fara sauƙi. Wanda ya shekara yana ɗaga nauyi ɗaya da ba ya ji a jikinsa ya daina ba tsokarsa dalilin ƙaruwa.

Abinci mataimaki ne a wannan aiki. Ma'aunin da aka saba bayarwa ga baligi shi ne giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, amma saboda taurin kan tsoka wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ba da shawara a 2013 cewa wanda ya haura 65 ya riƙa samun giram 1.0 zuwa 1.2, wato giram 70 zuwa 84 ga mai kilo 70, kuma ya fi kyau a rarraba shi a abincin yini maimakon a tara a ci ɗaya. Matsalar ita ce a daidai lokacin da buƙatar ta ƙaru sha'awar abinci take raguwa, haƙora suke lalacewa, tauna nama ta zama aiki. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ba ya cikin wannan shawara sai da izinin likitansa, kamar yadda mai ciwon zuciya ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba ya kamata ya ga likita kafin ya fara ɗaga nauyi. Haka nan tsohon da ke son rage ƙiba ta hanyar rage abinci kaɗai yana zubar da tsoka tare da kitse, kuma idan nauyin ya dawo galibi kitse ne ya fi dawowa.

Ƙarfin da aka samu ta atisaye ba ya zama idan an daina. A binciken Boston na farko, bayan mahalartan sun koma zamansu na da, mako huɗu kawai suka yi suka rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar ƙarfinsu. Riƙe abin da aka samu ya fi samunsa sauƙi, domin gwaje-gwaje sun nuna cewa atisaye ko sau ɗaya a mako yana iya riƙe ƙarfi na watanni idan ba a rage nauyin da ake ɗagawa ba, ko da yake girman tsoka a jikin tsoho yana buƙatar fiye da haka. Lokacin da ya fi haɗari shi ne na jinya da makonnin da ke biye da ita, shi ya sa asibitoci da yawa yanzu suke tayar da majinyaci ya zauna, ya tsaya, ya ɗan taka tun washegarin tiyata idan halinsa ya ba da dama, sannan su haɗa shi da likitan gashi da motsa gaɓoɓi ya ci gaba da aikin bayan an sallame shi.